Ƙafar Nafisa da Wuyan Koci Rumi

Ku 'yan matan yanzu kuna ba ni dariya. Kun kalli wani bature a waya ya naɗe ƙafar ɗan wasa da farar filasta cikin minti biyu, shi ke nan kun zama gwanaye. Makon jiya wata a cikinku ta ce mini, "Anti Binta, ai wannan izi ne, kamar naɗe shawarma." Na ba ta filastar, na miƙa mata ƙafata. Kafin ta gama yatsuna sun fara sanyi, diddigen kuwa yana yawo abinsa kamar ba a taɓa shi ba. Ta matse inda ake sassautawa, ta sassauta inda ake matsewa. To ku zauna in ba ku labarin yadda na koyi aikin nan, da matar da ta koya mini, da ranar da na kusa nakasa 'yar mutane da hannuna.

A Kano sana'ata ƙunshi ce. Tun ina budurwa a Gwammaja nake yanka salatif ina yi wa amare zane a ƙafa, kuma ba yabon kai ba, lallena ba ya zuba. Da na biyo maigidana garin Greensboro na Amurka a farkon shekarun dubu biyu na ci gaba da ƙunshin a falona, ranar Asabar da jajiberin Sallah, amma matanmu a nan ba su kai yawan da za su riƙe mutum ba. Sai na sami aikin shara da goge-goge a ɗakin wasanni na wata majami'a da ke gabashin gari. Wata ƙungiyar 'yan mata masu ƙwallon kwando ce ke amfani da ɗakin in an tashi daga makaranta. Ban san komai game da wasan ba. Abin da na sani kawai, takalmansu suna barin baƙin zane a kan katako, ni ce kuma mai kankare shi.

Wata Alhamis ina zaune a ɗakin ajiye tsintsiya, na tuɓe safa ina gwada wani sabon yanka a ƙafata saboda amaryar da za a kawo mini jibi, sai ƙofa ta yi duhu. Na ɗaga kai, na ƙara ɗagawa, sannan na iske fuska. Mai horar da 'yan matan ce, wata doguwar baturiya mai furfura wadda sai ta sunkuya take shiga ƙofa. Sunanta Rumyana, mutuniyar Bulgariya, yara suna ce mata Koci Rumi. Tsumman goge ƙasa ta zo nema, amma ta manta da shi ta tsaya kallon ƙafata. Na sha jinin jikina, na ce yau kam aikina ya ƙare.

"Wa ya koya miki?" in ji ta. Turancinta guntu-guntu ne, nawa ma haka, shi ya sa muka fahimci juna da wuri.

Na ce mata yayar mahaifiyata.

Ta durƙusa da ƙyar, ta bi salatif ɗin da yatsa tun daga diddige har idon sawu. "Bai tattare ba ko wuri ɗaya."

Na ce in ya tattare lalle zai bi ta ƙarƙashi ya ɓata zanen.

"A nawa aikin kuma," ta ce, "in ya tattare ƙafar yarinya ce za ta yi bororo."

Ta jawo bokiti ta kife ta zauna, ta cire takalmin hagu. Idon sawun ya yi biyun na dama, ga tabon ɗinki, kuma ba ya lanƙwasuwa. Ta zaro filasta daga aljihu ta ajiye mini a cinya ta ce, "Ɗaure wannan."

Labarin ƙafar nan ban ji shi a rana ɗaya ba, tsinto shi na yi kaɗan-kaɗan cikin shekaru. A wani ƙaramin gari na makiyaya aka haife ta, a gindin dutse. Tana firamare wasu mutanen gwamnati suka zo makarantarsu da sandar awo, suka jera yara a jikin bango, ita ta fi kowa tsawo. Aka ɗauke ta zuwa makarantar kwana ta 'yan wasa a birni, mahaifiyarta ta ƙulle mata cuku da safar ulu. Ta girma ta zama mai tsayawa ƙarƙashin kwando a ƙungiyar wata masana'anta, suna bin jirgin ƙasa gari-gari. Tana tsakiyar ƙarfinta ta diro a kan ƙafar wata. Wasan babba ne, don haka likitan ƙungiya ya yi mata allurar kashe zafi, kocinsu ya mayar da ita fili. Ta gama wasan, sun ci, daga ranar kuma ba ta sake wasa ba. Ta koma horar da ƙananan yara. Da gwamnatinsu ta sauya masana'antar ta durƙushe, aka garƙame ɗakin wasan da kwado. Ta biyo 'yarta Amurka, ta yi shekaru tana cusa kaya cikin kwali a wani sito, har wani ya dubi tsawonta ya tambaye ta ko ta taɓa riƙe ƙwallo.

Wata uku na yi ban taɓa ƙafar yarinya ko ɗaya ba. Ƙafar Koci kawai nake ɗaurewa, bayan na gama shara. Ta duba, ta tashi ta taka, ta zauna ta yanke da almakashi ta ce, "Sake." Abu na farko da ta raba ni da shi, shi ne yanka filasta da haƙori. Mu masu ƙunshi da haƙori muke tsinke salatif, ita kuwa ta ce bakin mutum ba ya kusantar abin da zai hau fatar 'yar wani. Da yatsu huɗu ake yagewa, farat ɗaya, daga gefe. Na yi kwana goma ina fama kafin yatsuna su yarda.

Kayan aikin ba su da yawa, jaka ɗaya ta ɗauke su. Akwai farar filasta mai faɗin yatsu biyu, akwai wani soso marar kauri da ake fara naɗawa don kada filasta ta kama gashi, akwai feshin gam, da basilin, da almakashi mai dakusasshen baki wanda zai bi fata bai yanka ba, da ledar ƙanƙara. Yarinya za ta zauna a kan tebur ta miƙe ƙafa, yatsu na kallon sama, ba ta motsi. Ki sa ɗan auduga da basilin a gaba inda igiyar takalmi ke gogawa, da baya a saman diddige. Ki naɗa soso. Ki yi zagaye biyu a ƙwauri, su ne tushe. Sannan ki ɗauko daga ciki, ki bi ta ƙarƙashin diddige, ki ja sama ta waje, sau uku. Kullum daga ciki zuwa waje, don ƙafa ciki take turguɗewa, jijiyoyin waje ne ke shan wahala. Wanda ya juya wannan ya taya targaɗe aiki. Daga nan ki yi lamba takwas, ki kulle diddige hagu da dama, ki rufe duk wata kafa da fata ke leƙowa. A ƙarshe ki danna farcen babban yatsa. In ya yi fari ya koma ja nan take, jini na tafiya. In ya daɗe, yanke ki sake, ko da alƙalin wasa ya sa usur a baki.

Amma duk wannan, in ji Koci, shi ne ƙarshen aikin. Farkonsa babban yatsanki ne. Kafin ki ɗauki filasta ki danna ƙasusuwa ɗaya bayan ɗaya: ƙullin ciki, ƙullin waje, saman ƙafa, da wani ɗan ƙashi da ya ɗan fito a gefen ƙafa, tsakanin diddige da ƙaramin yatsa. Idonki kuma ba a kan ƙafar zai kasance ba, a kan fuskar yarinya. In jijiya ce, filasta na taimako. In ƙashi ne, filasta ɓoye ɓarna kawai take yi. Ta sa na je na yi kwas ɗin taimakon gaggawa na karɓo takarda, sannan ta je ta gaya wa masu ƙungiyar cewa daga yau Binta ta ajiye tsintsiya.

Akwai wani abu game da ita da dole ku sani, in ba haka ba ba za ku gane sauran labarin ba. Koci tana haɗa kindirmo a gida, ta zuba madara a kwalba ta lulluɓe da bargo. Ranar da ta kawo mini na ɗanɗana, wallahi sai da na tuna matan Fulani a bakin kasuwa. Na sayo gero a shagon 'yan Afirka na yi fura, muka dama. Ta shanye kofi ɗaya, na ce, "In ƙara miki?" Ta girgiza kai hagu da dama. Na rufe kwano na sa a jaka. Ta bi jakar da kallo kamar an ƙwace mata 'ya, ta ce, "Me na yi miki?"

A nan na ji abin mamaki. A ƙasarsu girgiza kai shi ne e, gyaɗa kai sama da ƙasa kuma shi ne a'a. Da baki ma, in za su ce e sai su ce "da", in za su ce a'a sai su ce "ne". Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce mata mu a wurinmu "ne" tabbatarwa ce, haka ne, shi ne, gaskiya ne. Ta ce tun da ta zo ƙasar nan take horar da wuyanta, yanzu ya koyi na Amurka. "Amma in na tsorata ko na yi murna sosai," ta ce, "wuyana gida yake komawa." Muka yi dariya muka ƙarasa furar. Shekaru suka wuce tana gyaɗa kai kamar kowa, ni kuwa na manta da zancen.

'Yan matan da suka hau teburina iri-iri ne. Akwai mai ihu tun ba a taɓa ta ba. Akwai wadda lafiyarta ƙalau, kawai ta ga filasta na yi wa ƙafa kyau. Akwai 'yan Sedgefield, unguwar masu kuɗi, da iyayensu mata ke kawowa cikin manyan motoci su tsaya a kaina suna tambayar a wace jami'a na karanta. Waɗannan duk masu sauƙi ne. Mai wuya ita ce yarinyar da ba ta kuka, wadda za ki danna ciwo ta dubi silin ta ce ba komai. Nafisa irinsu ce.

'Yar Alhaji Isuhu ce, mutumin Maraɗi, wanda ke aiki a wata masana'antar kujeru. Tsawo ne da ita kamar a sa mata tsani, ga hannu, ga natsuwa. Koci ta gan ta a wurin ajiye motoci na wani kanti ta biyo ni da magiya in je in roƙi mahaifinta. Sau uku ina zuwa gidan. A na ukun ya ce, "Bon, to shi ke nan, Hajiya. Ni ban san wagga baturiya ba, ke na sani. Namiji ba shi taɓa ƙafar ɗiyata, kuma yadda na ba ki ita da ƙafa biyu haka za ki maido min ita. Amana ce." Na ce na karɓa. Shekara uku ni kaɗai ke ɗaure ƙafar Nafisa, da dogon wandonta da ɗankwalinta, har na san ƙafar fiye da tawa.

Sai muguwar shekarar nan ta zo, wadda masana'antu suka yi ta sallamar ma'aikata. Rabin iyayen yaranmu suka zauna a gida. Motar da ke kai mu wasa ta tsaya, muka koma cusa yara a motocinmu. Filasta da muke saye kwali-kwali ta koma sai an lissafa wa za a ɗaure wa, wa za ta haƙura da safar roba. Na koyi raba filasta biyu a tsaye don ta kai. Alhaji Isuhu ma sallamar ta same shi, ya koma tuƙin tasi. Nafisa tana ajin ƙarshe, kanta na ja, tana son karatun haɗa magunguna, amma kowa ya san babu mai kai ta jami'a in ba ƙwallo ba. Koci ta yi ta buga waya har wata mata daga wata ƙaramar jami'a ta yarda za ta zo ta kalle ta. Gurbi ɗaya ya rage musu na karatu kyauta. Wasa ɗaya matar za ta kalla.

Ranar Asabar ce da rana, a ɗakin wasan wata makaranta can wajen Pleasant Garden. Wurin ƙarami ne, mutane sun cika shi, ihu kamar kasuwa. Babu fili kusa da bencinmu, sai aka ajiye teburina a can ɗaya kusurwar, bayan kwando. Tsarinmu da Koci in mun yi nisa da juna shi ne, in yarinya ta ji ciwo in duba, in ɗaga hannu in nuna fili. In ta yarda, in tura yarinyar wurin masu rubuta maki ta shiga. Matar jami'ar tana zaune a layi na uku da littafi a cinya. Nafisa ta fara wasa kamar ba a taɓa yin irinsa ba, duk ƙwallon da ta tashi sama tata ce. Ina kallon matar tana rubutu, zuciyata fes.

Ana cikin zango na biyu Nafisa ta yi tsalle ta diro a kan takalmin wata. Ta faɗi, ta tashi da kanta, ta ɗingiso zuwa teburina. Na cire takalmin.

"Ina ne?"

Ta nuna idon sawu. "Nan ne, Anti. Am fayin, lafiyata lau. Plis ki yi sauri, tana kallo."

Na danna ƙullin ciki, shiru. Na danna na waje, ta ɗan yamutsa fuska kaɗan. Kumburi bai taso ba. Na ce targaɗe ne ƙarami. Ɗan ƙashin gefen nan ban taɓa shi ba. Na san da shi, an koya mini, na danna shi a ƙafa ɗari. Amma idona ɗaya yana kan matar da ta rufe littafinta tana duba agogo, sai na tsallake. Na yi ɗaurin da ban taɓa yin mai kyansa ba, ko tattara ɗaya babu. Nafisa ta sauka ta taka ta ce ba ta jin komai. Kyan ɗaurin nan shi ne masifar, don ya riƙe ƙafar gam ya ɓoye zafin.

Na ɗaga hannu. Koci ta juyo daga can nesa. Na nuna Nafisa, na nuna fili. Ta dubi yarinyar tana takowa, sai ta shiga gyaɗa kai sama da ƙasa da ƙarfi, bakinta na motsi. Cikin hayaniyar na tsinci kalma ɗaya tana maimaitawa: "Ne! Ne! Ne!" Kai na cewa e, baki na cewa haka ne. Me Bahaushiya za ta ji? Na dafa bayan Nafisa na ce, "Je ki, Allah ya ba da sa'a."

Daidai lokacin aka tsayar da wasa, masu maki suka busa, Nafisa ta shige kafin Koci ta ratso ta cikin mutane. Ta yi gudu sau ɗaya zuwa ɗaya kwandon. Aka yi wa wata tamu keta, aka jeru za a yi jifan kyauta, Nafisa ta lanƙwasa gwiwa tana shirin tsalle in ƙwallon ta dawo. Sai kawai na ga Koci Rumi a tsakiyar fili. Tana jan ƙafar hagu, ta wuce alƙalin wasa kamar ba ta gan shi ba, ta rungumi Nafisa ta ƙugu ta ɗaga ta cak. Usur ya tashi. Alƙali ya yi mata gargaɗi, ko a jikinta. Ya sake busawa ya nuna mata ƙofa, dama can ƙofar ta nufa. Ɗaki ya ɗauki ihu, Nafisa na kuka tana cewa a sauke ta. Ni kuwa na kwashi jakata na bi su.

A baranda Koci ta zaunar da Nafisa a ƙasa, ta fizgi almakashi daga hannuna ta tsarge ɗaurin nan nawa mai kyau. Ta sa babban yatsa a ɗan ƙashin gefe ta danna kaɗan. Ƙarar da Nafisa ta yi har yau tana kunnena.

"Kin taɓa nan?" Koci ta tambaye ni.

Na ce a'a.

"Tana tafiya ba ta taka gefen ƙafar, daga can na gani. Na ce miki ne! Sau nawa na ce ne!"

"Kin gyaɗa kai," na ce. "Sama da ƙasa."

Ta kai hannu ta dafa wuyanta. Muka tsaya muna kallon juna, kowacce ta ga nata laifin.

A asibiti na yi zaman da ban taɓa yin mai tsawonsa ba, alhali bai fi awa biyu ba. An cinye mu a wasan, matar jami'ar ta tafi tun kafin a tashi, amma ba wannan ne a raina ba. Ƙafar Koci nake kallo a cikin takalminta, ina cewa shi ke nan, na yi wa 'yar amana irin wannan. Alhaji Isuhu ya iso da tasinsa, bai ko kashe fitilar kan motar ba. Likita ta kira mu ta ɗora hoton ƙashi a jikin haske, ta nuna wani siririn layi kamar gashi. Ta ce ƙashin ya tsage amma bai rabu ba. Da ta sake dirowa a kansa sau ɗaya, da sai an yi aiki an sa ƙarfe, kuma ba ta yi alkawarin ƙafar za ta koma daidai ba. Yanzu kuwa takalmin roba mai tauri na mako shida, sai hutu, za ta warke sarai.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba, a gaban likita da kowa. Alhamdulillahi kawai nake maimaitawa. Wata ajiyar zuciya na yi da na ji ta har yatsun ƙafata.

A wurin ajiye motoci na tsayar da Alhaji Isuhu na gaya masa komai, ƙashin da na tsallake da kan da na karanta a juye. Ban rage ba. Ya daɗe yana juya makullin mota a hannu.

"Bon," ya ce. "Ke kika ɗaure, ita ta kwance. Ni na aza mutum guda na ba amana, ashe biyu ne. Allah ya tsare gaba, Hajiya."

Ƙafa ta tsira, amma gurbin karatu kowa ya fitar da rai. Nafisa ta yi mako biyu ba ta yi wa Koci magana, a ganinta da an bar ta minti biyar da ta gama nuna kanta. Koci ba ta ba ta haƙuri ba. Ranar da ta gaji da fushin sai ta tuɓe takalmin hagu a gabanta ta ce, "Ni an bar ni minti ashirin." Daga nan Nafisa ta dawo tana zama a benci da takalminta na roba, tana jifa daga zaune. Koci kuma ta tattara faifan wasannin Nafisa na baya ta aika wa matar jami'ar, da wasiƙar da ni da ita muka haɗa Turancinmu muka rubuta.

Wata Talata da la'asar, kwana biyu bayan an cire takalmin, ina koya wa Nafisa tsayuwa da ƙafa ɗaya a kan matashi, Alhaji Isuhu da mahaifiyarta suka shigo ɗaukarta. Wayar ofis ta yi ƙara. Ofishin ɗan ƙaramin ɗaki ne mai tagar gilashi, ana ganin na ciki amma ba a jin magana. Koci ta ɗauka, ta miƙe tsaye, ta nuna mana Nafisa da yatsa. Duk muka gane matar jami'ar ce ta kira. Ƙwallaye suka tsaya. Ta daɗe tana sauraro, bayanta a juye. Ta ajiye wayar, ta juyo ta dube mu ta gilashi, idonta ya cika da hawaye, ta shiga girgiza kai hagu da dama, hagu da dama.

Alhaji Isuhu ya cire hularsa ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Mahaifiyar ta jawo Nafisa jikinta tana cewa ta yi haƙuri, wani alherin na gaba. 'Yan matan suka sunkuyar da kai.

Ni kaɗai na ji guɗa na taso mini a maƙogwaro. Amma na riƙe ta, don na riga na sha wahalar karanta kan Koci. Na taka har ƙofar ofis na buɗe, na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Koci, da baki. Da ko ne?"

"Da," ta ce. "Da, Binta, da! Sun ɗauke ta."

Na saki guɗar nan a cikin ɗakin wasan majami'a har sai da mai gadi ya leƙo. Ashe matar ta ce abin da ta gani a zangon farko da faifan ya ishe ta, kuma yarinyar da aka fitar da ita kan lokaci ta fi mata wadda za a kawo mata a karye. Sai da na yi wa Alhaji bayani sau biyu cewa a garinsu haka ake cewa e. Ya mayar da hularsa a hankali, ya share ido da bayan hannu, ya ce, "Hajiya, don Allah ki faɗa mata na gode. Amma in wani abin alheri ya sake samuwa, ta rubuto a takarda. Zuciyata ba ta ɗaukar wagga al'ada."

Nafisa ta yi shekara huɗu tana wasa a kan ƙafar nan, yau tana bayan kanta a wani shagon magani, tana tsaye tun safe har yamma ba ta ɗingishi. Koci Rumi ta koma ƙasarsu da tsufa ya kama ta, ta bar mini almakashinta. Tun daga waccan Asabar ban sake karɓar umarnin kowa da kai ba, ko na maigidana, sai na ji da baki.

To ke mai shawarma, matso. Ga ƙafata. A'a, ajiye filastar tukuna. Kawo babban yatsanki nan, gefe, tsakanin diddige da ƙaramin yatsa. Danna, ki dubi fuskata.